Zanen Gwaggo a Ajin Laraba

Zuwa ga taubashina Mai Fenti,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Maman Yara da yaran duka. Yaya jikin Gwaggo? Tana samun barci kuwa, kuma tana shan maganin ba sai an yi dambe ba? Ni lafiyata lau, sai aiki. Duk lokacin da na kira ka a waya sai a ce kana kan tsani kana rubuta allon shagon wani, shi ya sa na koma wa takarda kamar zamanin da nake makarantar kwana.

Ka san ɗaliban likitanci da ake turo mana sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa. Kwanakin baya wani cikinsu ya karanto mini bayanin wata mata tiryan-tiryan, sunan ciwo, sunan magani, babu kuskure. Na ce, "To, me take yi da ka je?" Ya ce, "Tana zaune." Matar nan tun safe ta ƙunshe kayanta ta ɗora a cinya tana kallon ƙofa, don an ce mata ɗanta zai zo ya tafi da ita. Yaron ya daɗe a gabanta, bai ga ƙunshin ba.

Abin ya tsaya mini a rai. Na yi ta naci a taron malamai har shugaban sashe ya gaji da ni ya ba ni yammacin Laraba. Mukan rataye zane ɗaya a bango, su zauna su kalle shi shiru, sannan kowa ya faɗi abin da ya gani da dalilinsa. Daga nan mu shiga ɗakin majinyata. Jami'a ta aro mana wani Farfesa daga sashen zane. Ban taɓa ganin mai zane irinsa ba, taubashi. Sai ka ga yadda yake sa yaran nan su rufe baki su buɗe ido.

Ina da ƴar tambaya. Wace irin takarda ce ta fi karɓar gawayi? Ina so su fara gwadawa da hannunsu.

Ka gaida Gwaggo, ko da ba za ta gane wadda ke gaisuwar ba.

Taubashiyarka, Ƴar Kawu.

*

Zuwa ga Likita,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Inna tana barci, sai dai takan tashi da safe ta ce a kai ta gida alhali tana cikin ɗakinta. Maman Yara na gaishe ki. Jinkirin amsa kuma ki yi haƙuri, mu masu rubuta "Ana Aski A Nan" ba mu cika samun lokaci ba.

Na ga ba ki taɓa ganin mai zane irin Farfesa ba. Madalla. Ashe duk shekarun da kika yi a gidanmu kina sace mini fensir idonki a rufe yake. Wa ya zana miki zuciya da huhu a littafinki har malaminku ya ɗaga shi ya nuna wa aji? Kin buɗe ajin zane a asibiti, kin je kin aro baƙo, ni kuwa abin da ya rage mini shi ne a tambaye ni takarda, kamar yaron kantin littattafai. To, mai kauri, mai ɗan kaushi. Ki tambayi Farfesa ko na yi daidai.

Tunda Inna ta daina fita nake zana ta. Da hantsi takan zauna bakin taga, in jawo kujera in zauna kafin in tafi shago. Babu wanda ya sani sai Maman Yara. Na naɗe guda ɗaya na saka cikin bututun roba na ba direban da ke zuwa wajenku. Ki miƙa wa gwaninki ya ba ni maki.

Mai Fenti, wanda ba a taɓa gani ba.

*

Taubashi,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya Gwaggo da mutanen gida? Na yi mura amma ta tafi.

Kai dai ba ka canza ba. Haƙurin Farfesa da ɗalibai nake nufi, ban ce ya fi ka hannu ba, ban ma taɓa ganin ya riƙe burushi ba. Ka ɗauki layi ɗaya ka bar na bayansa. Ban neme ka ba ne don na san ba ka iya barin Gwaggo.

Saƙonka ya iso. Na buɗe a ofis, na ga Gwaggo riƙe da mataji tana kallonsa, sai na rufe ƙofa. Niyyata in kai shi gida. Aka kira ni ɗakin majinyata, kafin in dawo Farfesa ya shigo neman makulli ya gan shi a kan tebur, ya rataye shi a aji. Ina shiga na tarar da ɗaliban sun yi tsit. Ban ce musu na san ta ba.

Wani ya ce, "Tana baƙin ciki." Farfesa ya ce, "Me ka gani da ya sa ka ce haka?" Sai yaron nan da na ba ka labari, wanda bai ga ƙunshi ba, ya ce, "Ni ina ga ta manta amfanin abin da ke hannunta ne. Dubi yadda ta riƙe shi ta wajen haƙoran." Wata daga baya ta ce, "Kuma ba ta ɓoye ba. Duk wanda ya zana ta, ta yarda da shi."

Maganar yarinyar nan ta soke ni. Zuwana na ƙarshe, da na shiga ɗakin Gwaggo, sai ta ja mayafi ta tura abin da ke hannunta bayanta, ta ce, "Sannu da zuwa, Malama." Ni da ta goya. Na san sunan ciwonta da hanyar da zai bi, amma kai take sakar wa fuska. Ba zan ɓoye maka ba, ranar na koma gida ina jin haushinka.

Bayan aji mun shiga wurin majinyata, yaron nan ya jawo kujera ya zauna kafin ya fara tambaya. Da a tsaye yake yi.

Farfesa ya karɓi adireshinka. Maki kuma ka jira daga bakinsa.

Ƴar Kawu.

*

Ƴar Kawu,

Muna lafiya, Allah ya ƙara sauƙin mura. Inna tana nan yadda kika sani.

Takardar Farfesa ta riga taki isowa. Mutumin kirki ne, na janye abin da na faɗa. Ya ce in aiko da sauran, na aika duk wanda ya bushe. Ya ce za a jera su a babban zauren asibitinku, likitoci da baƙi su zo su gani, kuma ni zan tsaya in yi bayani da bakina. Har ya ce sai yanzu ajin ya samu ƙafar tsayawa. Na karanta wa mai kemis da ke saman shagona, ya sauko ya sake karantawa da tabarau. Mai aski ya ce daga yau sunana Farfesa Ƙarami. Na kai ɗinki wurin tela.

Batun Inna kuwa, kada ki sa a ranki. Wanda take gani kullum shi take sani. Ni har yanzu da sunana take kirana.

Ki shirya mini ɗaki, kuma ki gaya wa ɗalibanki wane ne ni a wurinki, kada su ɗauka baƙo ne.

Farfesa Ƙarami.

*

Mai Fenti,

Ina gaisuwa. Ina fatan kowa lafiya. Na daɗe ban amsa ba don ina tsoron abin da hannuna zai rubuta.

Sai yanzu ajin ya samu ƙafa? To da kan me yake tsaye? Ni na sha dariyar manyan likitoci a taro, ni na ɗauko kujeru daga ɗakin ajiya da hannuna. Yau an liƙa sanarwa a bakin lif, da sunan Farfesa da naka da na shugaban sashe, wanda da ya ce mini asibiti ba makarantar yara ba ce. Na duba har ƙasa ban ga nawa ba. Jiya shugaban ya tare ni a baranda ya ce, "Ashe mai zanen nan ɗan'uwanki ne? Kin yi sa'a."

Wannan daban. Ga babbar maganar. Na ga sauran zanen. Akwai wanda Gwaggo take kuka, akwai wanda ake ba ta abinci a baki ya zubo mata a ƙirji. Matar da ba ta taɓa fita ƙofar gida ba ta duba madubi ba. A aji ɗalibai ne kaɗan, ƙofa a rufe, kuma an koya musu riƙe sirrin majinyaci. Zaure kuwa kowa na wucewa, da waya a hannu. Wa ya tambaye ta? Ko majinyacin da ba mu sani ba ba ma ɗaukar hotonsa sai da yardarsa.

Na faɗi haka a taro, na kuma faɗa musu gwaggona ce. An dakatar da baje kolin.

Na san me za ka ce. Ni ma na tambayi kaina, da sunana na kan sanarwar, da zan buɗe baki? Ina ganin da zan buɗe, amma ba zan iya rantsewa ba.

Likita.

*

Zuwa ga Anti Likita,

Assalamu alaikum. Ni ce Maman Yara. Ina gaishe ki da aiki. Yara lafiya, Inna da sauƙi, ni ce dai bayana ke damuna saboda ɗaga ta. Ki yi haƙuri da rubutuna, maigidan ya ce shi ba zai ƙara rubuta miki ba har abada, kuma na ga abadan ɗin tana neman yin tsawo.

Ranar da takardarki ta zo bai ci abinci ba. Ya ce hassada ce, tun kuna yara ba kya son a yabe shi. Ya ce ke aka tura makaranta shi aka bar shi da gwangwanin fenti, yanzu sau ɗaya an kira shi kin tare ƙofa. Tela ya aiko da ɗinkin, yana nan a leda bai buɗe ba.

Washegari ya ce tunda yarda kike so, zai samo miki. Ya ɗauko wani zane da ya rage ya kai wa Inna, ya ce, "Inna, kin yarda mutane su ga wannan?" Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "Wayyo, baiwar Allah. Wace ce? Ba ta da ƴaƴa ne aka bar ta haka? Ku rufe mata jiki." Ta cire mayafinta ta lulluɓe zanen. Ya fita tsakar gida ya tsaya wajen famfo, na ƙyale shi.

Akwai abin da ya rubuta miki da ba haka yake ba. Inna ta daɗe ba ta kira sunansa ba. "Yaron nan mai kirki" take ce masa, wani lokaci ta tambaye shi ɗan gidan wa ne. Ya faɗa miki haka ne don ya ƙular da ke, kuma na ga ya samu.

Anti, ku biyun nan kun ishe ni. Shi yana ganin kin tafi da komai, ke kina ganin ya zauna da komai, ni kuma ni ke wanke zannuwan gado. Ko da an yi baje kolin, wa zai riƙe mini Inna in ya tafi? Babu wanda ya tambaya cikinku. Ki yi abin da kika ga ya dace, amma kada ki ce masa na rubuto.

Taki, Maman Yara.

*

Taubashina,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya Gwaggo? Na san ba ka magana da ni, to ka karanta kawai.

Na nemi hutun wata ɗaya an ba ni. Zan zo in zauna da Gwaggo, Maman Yara ta huta ta je a duba mata baya. Kai kuma ka zo nan. Na yi magana da Farfesa da shugaban sashe. Ba baje koli ba, wannan yana nan a dakace, zanen Gwaggo kuma zan taho da su gida in ban da na matajin, shi ma sai in ka yarda. Aji za ka riƙe. Ka ba su gawayi, ka zaunar da su biyu-biyu su zana juna, ka koya musu yadda kake zama gaban mutum ba ka gaji da kallonsa ba. Ni na iya gaya musu su duba, amma ban san yadda ake yi da hannu ba.

Kada ka ɗauka raina ya so. Ajin nan nawa ne, kuma ina ba ka aro ne. Makullin ɗakina yana wurin maƙwabciyata nas. Kada ka taɓa mini littattafai da hannun fenti.

In ba ka amsa ba zan ɗauka ka yarda, don na riga na sayi tikiti.

Ƴar Kawu.

*

Likita,

Na iso lafiya, ɗakinki kuma ya fi shagona ƙura. Yaya Inna? Yaya Maman Yara da bayanta? Na san ita ta kai miki tsegumi, za mu haɗu.

Larabar farko ban ji daɗi ba. Na sa sabon ɗinki na shiga, na ga fararen riguna sun zuba mini ido. Na yi ta surutu a kan inuwa da haske har na ga wani yana hamma. Farfesa ya matso ya ce a hankali, "Raba musu takarda." Da suka fara sai dariya, kowa na cewa an ɓata masa hanci. Can sai kowa ya duƙufa kan takardarsa. Wata ta ajiye gawayi ta ce wa ƙawarta, "Yaushe kika rame haka?" Ɗaki ɗaya suke kwana. Ƙawar ta fashe da kuka, ashe babanta ke kwance tun farkon zango ba ta gaya wa kowa ba.

Sun shigar da ni ɗakin majinyata. Ban kai ƙarshensa ba. Wani mutum ya riƙe mini riga yana roƙo in gaya wa matarsa ba shi ya yi ba. Nas ta fitar da ni ta ba ni ruwa. Ni uwa ɗaya nake da ita, ban san ke kina da ɗaki cike ba. Majinyatan suna ta tambayar ina kike. Wata tsohuwa ta ce ba za ta sha magani ba sai "ƴata likita" ta dawo. Ƴarta fa. Kin zo nan kin tara iyaye kina yi mini kukan guda ɗaya.

Ɗaliban ma komai na faɗa sai su ce, "Haka Likita ta ce." Na gaji da jin sunanki.

Na matajin ya zauna a aji, na yarda, amma ƙofa a rufe. Na gaya musu uwata ce.

Taubashinki.

*

Taubashi,

Muna lafiya. An duba Maman Yara, an hana ta ɗaga nauyi, tana kwance tana ba ni umarni kamar shugaban sashe. Yara sun ce a gaya maka mai aski yana cigiyar allonsa.

Makon farko Gwaggo ta ƙi ni ƙememe. In na kawo ruwan wanka sai ta ce, "Malama, ba a nan ba ne, gidan gaba ne." Da hantsi ta zauna bakin taga ta yi ta duban kujerarka. Ta ce, "Ina yaron nan mai kirki?" Na ce ya yi tafiya. Ta ce, "Ke kika kore shi?" Na ce e, kusan haka ne. Ta harare ni ta juya baya. Duk abin da nake koya wa ɗalibai na gwada, na sassauta murya, na durƙusa daidai idonta, a banza.

Da na gaji sai na daina gwadawa. Na zauna a kujerarka hannu wofi, ban ce komai ba, ita ma haka. Muka yi kwanaki a haka. Shekaranjiya ina zaune ta miƙo ƙafa ta ɗora a cinyata, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Nan ke ciwo." Na duba, farce ne ya shige nama, ya kumbura. Kai da kake kallonta kullum ba ka gani ba, don ba ka taɓa zana ƙafarta ba. Na gyara na ɗaure. Da na gama ta ce, "Kina da hannu. In yaron nan ya dawo zan ce ya ba ki aiki."

To ka ji matsayina a gidanku. Har yanzu Malama ce ni, kuma kai take jira.

Na rubuta wa shugaban sashe a ci gaba da kiranka duk zango, ni kuma in riƙa zuwa nan a lokacin. Ban yi don ina sonka ba, Maman Yara ce ta tsare ni. Ka gaya wa tsohuwar nan ta sha maganinta, ƴarta na nan tafe. Ka mayar da kujeru yadda ka same su, ka share mini gawayi daga tebur, ka hau motar Asabar. Gwaggo ta sa na ajiye maka ruwa a kofi tun jiya, ta hana kowa ya taɓa.

Taubashiyarka, mai neman aiki.